Gefen Gonar da Ba a Shuka Ba

Akwai wani manomi da yake zaune tare da mahaifinsa da ƙanensa. A gidansu, duk ranar da ruwan shuka ya sauka, uba ne yake riƙe sungumi. Shi yana gaba yana saran ramuka, 'ya'ya suna biye suna zuba gero suna binnewa da diddige. Haka suka tashi suka tarar.

Amma tsufa ya kama uban. Mutumin da a dā ba mai shan gabansa a hanyar kasuwa, yanzu in ya ɗaga ƙafa sai ka ce shawara yake yi da ita kafin ya ajiye.

Ana nan, ruwa ya sauka. Da sassafe tsoho ya saɓa sunguminsa, bai nemi izinin kowa ba. Ya sara, ya tsaya ya numfasa, ya sake sarawa. Rana ta take, maƙwabta suka gama nasu suka wuce, danshi kuwa yana ta barin ƙasa.

Ƙanen ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ƙasa na bushewa fa. Ka karɓi sungumin nan, Baba ya koma inuwa. In ba haka ba, gefen can ba zai shuku ba."

Manomin ya san gaskiya ƙanensa ya faɗa, ya kuma san yawan bakunan da ke jiran rumbu. Ya dubi bayan mahaifinsa da ya ranƙwafa, ya ce, "Lokacin da ƙafafunmu suke gajeru, wa ya jira mu? Kowace shekara gonarmu ce ta ƙarshe, saboda ni da kai. Ka taɓa jin ya ce mu koma inuwa?"

Suka ci gaba da binsa a hankali har rana ta faɗi. Ruwa na biyu ya yi jinkiri, gefen nan ya zama na ciyawa. Rumbu bai cika ba, tuwon gidan ya ragu a shekarar. Kafin wata damina kuma, Ubangiji ya kira tsohon.

Mutane in sun tuna wa manomin asarar, ba ya sunkuyar da kai. Sai ya kai su ya nuna wurin, ya ce, "Nan rana ta faɗi mana muna bayan Baba. Da sunguminsa a hannu ya gama."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: uban shi ne tsofaffinmu, sungumin kuwa matsayin da Allah ya ba su a cikinmu. Ba zan ruɗe ku ba, jira yana da tsada. Amma Ubangiji da yake jiranmu duk da jan ƙafarmu bai taɓa tura mu inuwa ba.

Na ga wannan da idona a nan cocinmu Lahadin da ta wuce. Mama Briskila ta tashi da sandarta za ta je gaba ta kai baiko, wato sadakarta, matasan nan namu masu rawar kai suna bayanta. Na ce yau za su kewaye ta. Ba ko ɗaya da ya wuce ta. Mawaƙa suka yi ta maimaita waƙa har mai ganga ya jiƙe da gumi, aka tashi sujada a makare, wasu tuwonsu ya huce a gida.

Ban taɓa alfahari da ku kamar ranar ba.