Zakaran da Ya Ƙi Barin Gida

An yi wasu zakaru biyu a bayan ɗakin Gwaggo Lanti. Babban shi ne Gagarau, sarkin haɗama. Ƙaramin kuwa Barmo, ko cara bai gama iyawa ba, amma wajen taurin kai ba a magana. Akwai kuma tsohuwar kaza Wake-wake, wadda ko ganye ya faɗo sai ta firgita.

Kullum Gwaggo ta watsa tsaba, Gagarau zai baje fukafukai a kai. Kaji su tsinci saura, Barmo kuwa ko ƙwaya.

"Kai yaro, ja da baya! Gidan nan na zakara ɗaya ne," in ji Gagarau.

"To Baba, ka tafi mana. Wa ya riƙe ka?" in ji Barmo.

Ranar ya sha sara har kansa ya yi jini, amma bai janye maganarsa ba.

Gwaggo ta leƙo ta ga gashi ko'ina, ranta ya ɓaci. "Na gaji da faɗan nan. Ranar kasuwa in mai sayen kaji ya zo, ƙaramin zan ba shi."

Barmo kuwa ya san wanda ya shiga kwandon mai sayen kaji ba ya dawowa.

Wake-wake ta ja shi gefe. "Ɗan nan, akwai kafa a danga. Ka sulale ka shiga daji."

"Inna, a akurkin nan aka ƙyanƙyashe ni. Ba inda za ni. In za a ɗauke ni, a tarar da ni tsaye."

Gagarau kuwa daɗi kamar ya kashe shi. "Mai shiga kwando me zai yi da abinci?" Daga ranar har dusa ya hana shi, ya haɗa rabon biyu yana narkawa.

Barmo ya koma tonon tsutsa a juji. Yunwa na cinsa, tsoro na cinsa, duk da haka kowace safiya sai ya hau turmi ya yi cara da shaƙaƙƙiyar muryarsa, don kawai Gagarau ya ji.

Ranar kasuwa mai sayen kaji ya jingine kekensa. Barmo bai gudu ba. Mutumin ya ɗaga shi, ya latsa ƙirjinsa, ya taɓe baki.

"Haba Gwaggo! Wannan ai gashi ne da ƙashi. Wa zai saya?"

Ya dire shi. Can sai ga Gagarau ya taho kallon yadda za a yi da abokin gaba, yana taku ɗai-ɗai, ƙirji na sheƙi.

"Yauwa, ga zakara! Wannan za ki ba ni."

Gwaggo ta ce, "Ɗauki. Ni dai a bar mini ɗaya in huta."

Gagarau ya zabura zai tsallake danga, ƙiba ta dawo da shi ƙasa tim! Aka ɗaure ƙafafunsa yana ihu, "Ni ne mai gidan! Ni ne mai gidan!"

Barmo ya karkaɗe jikinsa. "Sai ka yi musu bayani a kasuwa, Baba."

Darasin wannan labari shi ne, mai cinye rabon na ƙasa da shi kansa yake yi wa tanadin wahala. Kai kuma ƙarami, kada barazanar babba ta kore ka daga inda kake da haƙƙi.