Usur Ɗin Na Bakinka

Akwai wani alƙalin wasan ƙwallon kwando a Agege ta Legas, sunansa Abdulwahid, amma kowa Oga Rafali yake ce masa. In ya shigo fili, ƙirji ne ke fara isowa, sannan sauran jikin.

Dokar wasa a fili take: idan 'yan wasa biyu suka riƙe ƙwallo kowa ya ƙi saki, a busa usur a raba su. Wanda ya kai gwiwar hannu ko ya yi turi, laifi ne. Oga Rafali ya sani sarai, sai dai yana son ihun 'yan kallo. Sai ya tsaya, usur a gefen baki kamar sigari, ya maƙale murya ta hanci: "Oya, oya, a bar maza su gaisa!"

'Yan wasa suka gane shi. Wanda ya fi ganewa Khamisu ne, ɗan dako a kasuwar Mile 12, mai fizgar ƙwallo kamar yana sauke buhun albasa.

Ranar wasan ƙarshe na unguwanni, ƙungiyar Khamisu ta haɗu da ta Salim, ɗan Mairama, ƙanwar Oga Rafali. Da safe Mairama ta roƙi yayanta ya kula mata da yaron, don filin siminti ne. Ya yi dariya, ya ce shi a fili ba shi da ɗan ƙanwa.

Ana dab da tashi, Salim da Khamisu suka cafke ƙwallo tare. Suka ja, suka murɗa. Salim ya ɗago ido ya kalli kawunsa.

Abdulwahid ya ja numfashi zai busa, sai wani ya yi ihu daga baya: "Zai ceci ɗan gida!"

Ya riƙe numfashin.

Khamisu ya fizga kamar yadda aka saba barinsa. Gwiwar hannunsa ta sauka a idon Salim, ƙeyar yaron ta bugi siminti. Sai a lokacin usur ya yi ƙara, ba wanda ya ji.

A motar haya ta danfo aka kai shi asibiti. Ya rayu, amma likita ya ce idon hagu ya tafi.

Abdulwahid ya tarar da Mairama zaune a barandar asibitin, rigar wasan ɗanta a cinya. Ya fara bayani, wai wasan maza ne, wai tsautsayi ne, wai Khamisu ne bai da tarbiyya. Ta bar shi har ya gaji.

"Yaya," ta ce, "an ce Salim ya kalle ka."



"An ce usur ɗin na bakinka," ta ƙara.

Har yanzu yana wuyansa a rataye. Ya kai hannu ya rufe shi.

Darasi: In an ba ka ikon tsayar da cuta, tsayar da ita tun tana ƙarama, kada ka jira ra'ayin 'yan kallo. Su gida za su tafi, kai za ka zauna da abin da ka bari ya faru. Ku tura wa duk wani mai usur a hannu, na fili ko na gida.