Aljanin Kwamfuta da Jadawalin Surukinsa

Akwai wani bawan Allah da ake kira Aljanin Kwamfuta. Ba kowa ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya kai aka buga masa a bayan riga.

A makarantar surukinsa yake aiki. In ya shigo ofishin malamai sai ya ajiye kwamfutarsa a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Manhajar da ke tsara muku jadawalin darasi, da yatsun nan goma na rubuta ta. Wata bakwai ban je wurin aski ba!"

Manhajar kam tana aiki. Malamai arba'in, aji ashirin da biyu, latsawa ɗaya ta raba wa kowa lokacinsa, ba wanda zai tsinci kansa a aji biyu lokaci guda. Don haka Mai Makaranta, wato surukin nasa, ya yi masa alkawari a gaban kowa: ranar da aka buɗe sabon reshe, Aljani ne shugaban wurin.

To, ku matso ku ji abin da Aljani bai faɗa ba.

Masu rubuta manhaja suna da abin da suke kira laburare. Aiki ne da wani ya riga ya rubuta ya ajiye a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya ɗora nasa a kai. Wani tsoho ne a wata ƙasa ya rubuta mai tsara jadawalin. Aljani ya sauke, ya liƙa tambarin makaranta a fuskarsa, ya dawo yana tafiya da ƙyar don girman kai.

Malamar lissafi ce ta gano. Tana ɗan koyon harkar a ƙarshen mako, kuma lokacin tana da ciki wata shida. Ta same shi a ofis ta yi sallama.

"Malam, na ga shafin tsohon nan."

"Wane tsoho?"

"Mai laburaren da jadawalinmu ke zaune a kai. Shekara goma sha ɗaya shi kaɗai yake kula da shi. Ya rubuta cewa idonsa ya yi rauni, yana neman wanda zai karɓa, in bai samu ba zai rufe. Mu kama masa mana. Ni zan iya koyo, in ka ba ni dama."

Aljani ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa. Ni ba tonon asiri na zo ba, gaba nake jiye mana."

"Malama biyu-sau-biyu, ki koma ki ji da allonki. Gaba ta manya ce."

Da sabon zango ya zo, sai jadawalin malama ya fito da abin mamaki. Darasin farko a hawa na uku. Na biyu can bayan filin ƙwallo. Na uku a koma hawa na uku. Haka har a tashi, kullum, ba hutu a tsakani. Mace da tsohon ciki tana hawa tana sauka, tana riƙe ƙarfen bene tana haki, yara na wuce ta da gudu.

Ta kai kuka wurin Mai Makaranta. Aljani na tsaye gefe yana wasa da makulli, ya ce, "Baba, kwamfuta ce ta raba. Kwamfuta ba ta da dangi, ba ta da maƙiyi."

Mai Makaranta ya gyaɗa kai. Sati biyar malama ta yi, ƙafafunta suka kumbura, ta rubuta takardar ajiye aiki. Ranar da ta tafi Aljani har fito ya riƙa yi a baranda.

Ana nan aka gama ginin sabon reshe. Malaman nan dai su ne za su riƙa koyarwa nan da can, tsakani kuma tafiyar minti arba'in ce a mota. Laburaren tsoho bai san da wannan ba. Sai ya ajiye malami nan ƙarfe tara, ya ajiye shi can tara da minti biyar, kamar mai fiffike.

Aljani ya buɗe cikin laburaren ya leƙa. Ya ga rubutu kamar an watsa tururuwa. Ya rufe da sauri, ya aika wa tsoho saƙo: "Dattijo, bar labarin ido. Ƙara mana lissafin tafiya kafin Litinin, manya na jira."

Tsoho ya amsa da layi biyu: "Ɗana, ƙofa a buɗe take. Ka rubuta, zan sa a karanta mini in duba maka."

Aljani ya yi tsaki ya ce tsofaffin zamani ba su da tausayi.

Ranar Litinin aka tara malamai duka a babban ɗakin taro, har da matar Aljani a layin gaba, ta sha ado don yau mijinta zai zama shugaba. Gobe yara ɗari huɗu za su fara karatu a sabon reshe, ba jadawali. Aljani na haɗa majigi, sai ya hango alamar cewa an sabunta laburaren da safen nan.

Ya ce a ransa, tsoho ya ji tsoro! Ko karantawa bai tsaya yi ba. Ya gyara murya.

"Jama'a, ku kalli bango. Abin da na kwana biyu ina ƙerawa ke nan."

Ya latsa. Maimakon jadawali, sai rubutun Turanci manya-manya ya cika bangon.

Mai Makaranta ya laluba aljihu bai ji tabarau ba. "Me ya ce?"

"Cewa ya yi... an yi nasara, Baba. Yana taya mu murna."

Malamai suka kalli juna. Mutum ya yi irin wannan fassara a gaban malamai arba'in! Malamin Turanci, wanda shekara biyu ana jefa masa darasin bayan cin abinci lokacin da yara ke gyangyaɗi, ya miƙe a hankali yana ɓalle maɓallin hannun riga.

"Ranka ya daɗe, bari in taya shugaba." Ya karanta yana fassarawa, yana jan kowace kalma: "Ni 'yar wanda ya rubuta wannan laburare ce. Mahaifina ya daina gani. Shekara biyu yana neman mai taimako, dubban mutane na amfani da aikinsa, ba wanda ya zo. Daga yau an rufe. Wanda ya iya, ya ɗauka ya ci gaba."

Mai Makaranta ya juyo. "Ashe kana da 'ya mai Turanci ban sani ba? Kuma yaushe ka makance?"

"Baba, ai... mahaifin nata yarona ne, ni nake ba shi aiki."

"Madalla. To yaro ya gaza, ga maigida. Zauna ka gyara, muna kallo."

Aljani ya zauna. Ya buɗe wannan, ya rufe wancan. Duk abin da ya taɓa yana fitowa a bango ƙato-ƙato. Gumi ya jiƙa rigar har sunan da ke baya ya manne da kujera. Matarsa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Bar gyaran," in ji Mai Makaranta. "Nuna mini layi ɗaya da ka rubuta da hannunka. Ɗaya tak."

Aljani ya yi ƙasa, ya yi sama, ya sake yin ƙasa. Can ya tsaya, ya nuna da yatsa.

"Wannan, Baba."

"Me yake yi?"

Aljani ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Shi ne... shi ne yake sa sunana ya riƙa walƙiya in an kunna."

Darasi: In kana cin moriyar aikin wani kyauta, ka faɗi sunansa, kuma ka kama masa tun yana da ƙarfi, don shi ma mutum ne, yana gajiya yana tsufa. Wanda ya zo ya faɗa maka gaskiya kuma, kada ka saka masa da mugunta. Ku tura wa wannan abokin naku mai cewa komai shi ya yi, kada ku ce daga ni ne.