Kwano Na Uku a Gidan Don Evaristo

Akwai wani dattijo da ke zaune a bakin garin Tolhuin, can ƙarshen kudancin duniya inda sanyi ke da tsanani, sunansa Don Evaristo Cárcamo. Shekara talatin ya yi yana aikin yankan katako. Bai cika shekara biyu da ajiye aiki ba matarsa Nélida ta rasu.

Ta bar masa gida da karnuka biyu 'yan haski, irin masu yawan gashi na ƙasashen sanyi, Tizón da Bruma. Ciki ɗaya suka fito, kwano ɗaya suke ci, idan sun kwanta ba ka gane wutsiyar wane ce wannan. Shi tsohon nasa dai zuba abinci. In ya kira su, su ɗago kai su kalle shi, su koma harkarsu. Sai ya zauna gefen murhu da shayinsa na mate, wanda a can ake sha ana miƙa wa juna, amma shi ba mai miƙo masa, ba wanda zai miƙa wa.

Wata Lahadi 'yarsa Griselda ta zo daga Río Grande da wata ramammiyar karya ja a bayan mota.

"Baba, a gidan mai na tsince ta. Mai gidan da nake haya ba ya yarda da dabba. Na sa mata suna Pocha."

"Haba Griselda, biyun ma da nake da su ba su san da zamana ba, za ki ƙaro mini ta uku?"

"Ai shi ya sa, Baba. Wannan ba ta da kowa."

Motar Griselda ba ta bar layin ba faɗa ya kaure. Tizón ya tare ƙofa, Bruma ta yaga wa Pocha kunne. Da ƙyar tsohon ya raba su da sandar tsintsiya. Pocha ta shige bayan tarin itace, kwana uku ba ta fito ba sai dai a tura mata abinci.

Maƙwabcinsa Olegario, tsohon makiyayin tumaki, ya leƙo ta kan shinge.

"Mutumina, filin dambe ka buɗe ne ba ka gayyace mu ba?"

"Rabu da ni. Gobe zan mayar da ita."

"Ka mayar da ita ina? Gidan mai, a wannan sanyin? Kai ma da laifinka, ka ɗauko baƙuwa ka dire musu a tsakiyar ɗaki. Raba musu kwano, raba wurin kwana. Ka riƙa fita da su yawo, hanya ai ba gidan kowa ba ce. Zan riƙe maka igiya ɗaya, ƙafafuna ma sun kusa yin tsatsa."

Haka aka yi. Kullum da hantsi tsofaffin biyu za su gangara bakin tafki, 'yan haskin a gaba, Pocha can baya. Wata biyar ana haka. Cizon ya ƙare, amma ba a yi abota ba. In Tizón da Bruma suna kokawarsu a tsakar gida, Pocha takan tsaya nesa tana kaɗa wutsiya. Ba mai kiran ta. In ta gaji sai ta dawo ta ɗora haɓa a kan takalmin Evaristo.

"Ni da ke duk 'yan kallo ne a gidan nan," yakan ce mata.

A watan Yuli, lokacin da sanyin ƙasar ke tsakiyarsa, ciwon ƙoda ya kama Tizón. Mako guda ya yi ya mutu. Evaristo da Olegario suka fasa daskararriyar ƙasa a gindin bishiyar bayan gida suka binne shi.

Bruma ta kwanta a kan wurin, ta ƙi tashi. Nama ma ta ƙi shinshinawa. Kwana huɗu dusar ƙanƙara na zuba a bayanta. Likitar dabbobi ta zo ta duba ta, ta girgiza kai.

"Lafiyar jikinta ƙalau, Don Evaristo. Kewa ce, ita kuwa ba ni da allurarta. In ta ci gaba da haka, sai haƙuri."

Tsohon ya san irin wannan ciwon. Ya koma ciki ya zauna, shayin ya huce a hannunsa.

Washegari da safe Pocha ta bar ɗumin murhu, ta yi ta karta ƙofa har ya buɗe mata. Ta je ta kwanta a cikin ƙanƙara, ɗan nesa da Bruma. Bruma ta yi gurnani. Pocha ba ta matsa ba, ba ta kuma gudu ba. Ita ba gashin kirki gare ta ba, jikinta sai karkarwa yake, amma sai da yamma ta shigo. Rana ta biyu ta ƙara matsawa. Rana ta uku Evaristo ya leƙa ta taga, ya ga bayansu ya haɗu.

Ya ɗauki kwanon Pocha ya kai gabansu. Pocha ta ci loma biyu, ta ja da baya. Bruma ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta miƙe, ƙafafunta na rawa, ta sa baki.

Olegario na tsaye a bakin shinge.

"Tsoho, kuka kake yi?"

"Hayaƙin murhu ne."

"A waje?"

Bruma ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma ba ta sake kwana ita kaɗai ba.

Darasi: Kada ka yi gaggawar korar baƙon da bai samu shiga ba tukuna. Sabo ba a yin sa dole, haƙuri ne ke kawo shi. Wanda aka bari a gefe yau, wataƙila shi ne zai zauna da kai ranar da kowa ya tafi. Ku tura wannan labari ga wani da kuka san yana zaune shi kaɗai, ko ma ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa.