Sunan Dogo a Kan Allo

Akwai wani mai gyaran waya da 'yan gidansu ke kira Auta, mutum ne mai son a ce ya fi kowa. A falonsu akwai na'urar wasan talabijin da jitar roba mai maɓallai biyar. Waƙa na tafiya, launuka na gangarowa a allo, kai kuma kana danna maɓallin da ya dace. Kowace waƙa suna ɗaya take ajiyewa, na wanda ya fi maki.

Duk waƙoƙin nan sunan yayansa Dogo ne a kansu. Dogo ya rasu bara, bai taɓa barin Auta ya ci shi ba.

Bayan rasuwar, Auta ya sa naci, yana goge sunan ɗaya bayan ɗaya. Har ya rage waƙa ɗaya tak, mafi wuya.

Ran nan da yamma ya rataya jitar. Ƙanwar babansu, Gwaggo, ta leƙo.

"Auta, ka bar wannan ɗayar mana. Kullum da safe sai Mamanka ta sa na kunna mata ta ga sunansa."

"Haba Gwaggo, wasa ne fa! Yau zan nuna wa gidan nan waye gwani."

Waƙa ta fara. Yatsunsa na gudu, ko ɗaya bai kuskure ba. Maki na hawa, gumi na sauka. Sai ya ji takun Mama, ta tsaya bayansa da tsumman goge-goge a hannu.

Makin Dogo dubu casa'in ne. Auta ya haura dubu tamanin da takwas. A gilashin talabijin ya hango fuskar Mama. Ba shi take kallo ba, idonta na kan haruffa huɗun nan da ke saman allo.

Saura dannawa goma ya wuce makin Dogo. Saura shida. Shekara nawa yana jiran wannan lokaci!

Sai ya ɗaga yatsunsa. Launukan suka wuce, jitar ta yi ƙara mara daɗi, waƙa ta ƙare. DOGO na nan daram.

"Hannuna ne ya zame," in ji shi.

Mama ta matso ta goge masa gumin goshi da bakin mayafinta.

"Ni na haife ka, Auta. Na ga lokacin da ka ɗaga hannu. Tun kana rarrafe kake bin yayanka kana son ka kamo shi. To, yau ka kamo shi."

Auta ya rungume jitar, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Darasi: Ba kowace nasara ce ya kamata ka karɓa ba. Idan cinka zai share abin da ke sanyaya zuciyar wani, haƙuri ya fi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai bukatar jin wannan yau.