Abin da Ya Sa Buzuzu Ke Tura Kaya da Baya

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta ƙaraso mu ji ta."

A cikinku wa ya taɓa yi wa buzuzu sannu da aiki? Ba kowa ko? To ku matso.

A wani filin kiwo akwai wani tsohon Buzuzu. Aikinsa ɗaya ne tun tasowarsa: saniya ta yi kashi, ya mulmula, ya tura, ya binne. A cikin dunƙulen nan matarsa Kyallu ke saka ƙwai, 'ya'ya su fito su tarar da abinci. Bayansa ya ƙage, ƙafafunsa sun yi kanta.

Ran nan da hantsi yana ta nishi, sai Ƙuda ya sauka a kan dunƙulen.

"Baba Buzuzu, har yanzu kai ne mai yi wa shanu shara? Sun taɓa ɗanɗana maka nono?"

"Ko ɗigo."

"To kwanta mana. Bar mini kashin, ni ba na ƙyama."

Buzuzu ya ja jiki ya kwanta a gindin sabara. Danginsa suka gani, su ma suka kwanta. Kashi ya taru, ya bushe, ya danne ciyawa. Ƙudaje suka yi ta biki.

Saniya ta zo. "Baba, ciyawa ta ƙi fitowa, ƙudaje sun hana ni sakat."

"Na gaji. Ki yi ta kaɗa jela."

Kwaɗo ya zo. "Baba, ta ramukanka ruwan sama ke shiga ƙasa. Yanzu wucewa yake yi da ƙasar, tafkina ya cika da laka."

"Na gaji. Ka koyi wanka da laka."

Shamuwa ta zo, fikafikanta duk sun yi la'asar. "Baba, daga can kudu mai nisa nake zuwa. A ciyawar nan nake cin fara in sami ƙarfin komawa. In ban koma ba, farin can za su cinye gonakin mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba."

"Ni da ban taɓa wuce tsamiyar can ba, ina ruwana da bangon duniya?"

"Bangon duniyar ne ke da ruwa da kai."

"Na gaji," in ji Buzuzu, ya juya mata baya.

Ba a daɗe ba makiyayi ya kaɗa shanunsa ya bar wurin. Da safe Kyallu ta tashi mijinta.

"Maigida, ƙwai ya zo. Ina zan saka?"

Ya duba gabas, ya duba yamma. Ba ɗanyen kashi ko ɗaya. Sai ga Ƙuda zai wuce.

"Ni zan bi shanu, Baba. A ci gaba da hutawa."

Saura wata gurguwar saniya da ta kasa bin garke. Buzuzu ya je wurinta.

"Ka gama hutawar?" in ji ta.

"Gajiyar ce dai ban gama ba. Matsa in ɗauka."

Ya mulmula dunƙule. Ya ɗaga kai ya ga faɗin filin da ya lalace. Sai ya juya, ya kafa kai a ƙasa, ya riƙa turawa da ƙafafun baya, don kada ya ga abin da ya rage.

Cikin ƙwan Kyallu na wannan shekarar ɗaya kaɗai ya rayu. Sai da aka yi damina uku kafin ciyawa ta dawo, shanu suka biyo ta, tafki ya washe, Shamuwa ta sauka. Har yau buzuzu da baya yake turawa, kuma har yau ba mai ce masa sannu.

Duk mai rai yana riƙe da wani mai rai, daga nan har inda ƙafa ba ta zuwa. Wanda ya saki, har kansa ya saki.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Gobe in kun ga buzuzu a hanya, ku ɗaga ƙafa ku ba shi wuri ya wuce.