Dalilin da Ya Sa Ƙayar Wardi Take Kallon Ƙasa

Dalilin da ya sa ƙayar wardi take kallon ƙasa, ku matso in gaya muku, tunda ga Ladiyo ta kai hannu ta ji a jikinta. Kawo yatsan in gani. Ba komai, tsotse shi. Wannan gindin da ke bakin rijiya marigayi kakanku ne ya dasa shi da ɗan reshe, kuma daga bakinsa na ji labarin nan. Yanzu da ba ya nan, ni ce mai ban ruwa, ni ce kuma mai ba da labarin.

Da can wardi ba ta da ƙaya ko ɗaya. Jikinta sumul yake kamar hannun jariri. A lokacin akwai wata tsohuwa, Gwaggo Yelwa, da ta dasa Wardi a kusurwar tsakar gidanta, inda hantsi ke sauka. Ta yi mata kwarmi a gindi don ruwa ya riƙa tsayawa. Kullum sai ta zuba mata ƙasarin da ta wanke gero, ta barbaɗa mata toka da busasshen kashin awaki, sannan ta shafa rassanta tana mata hira kamar 'yarta.

Wardi ta yi kyau ƙwarai. Furanninta manya ne, masu nauyi, har suka sunkuyar da kanta. Saboda haka ba ta ganin komai sai abin da ke ƙasa. Abin da ke ƙasan kuwa Kwaɗo ne, wanda ya tare a cikin kwarmin saboda sanyin wurin. Aikinsa kama gara da tsutsa kafin su hau jikinta. Suna zaman lafiya, suna gaisawa safe da yamma.

Ana nan sai Wardi ta fara farkawa daga barcin rana ta tarar an gutsure mata fure. Yau gefe ɗaya, gobe rabin toho. Gwaggo Yelwa ta zo ta duba, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Ke kuma mene ne haka? Ni da ɗaukar ruwa har bayana ya ƙage, ke da ba ni fure kamar ɓera ya ci? Kin ga, idan kaka ta yi ba ki gyaru ba, cire ki zan yi in shuka barkono. Shi ko ba komai zai shiga miya."

Hankalin Wardi ya tashi. Ta shiga duban ƙasa tana neman ɓarawo. Abin da ta fara gani shi ne guntayen furenta a warwatse kewaye da Kwaɗo, har ɗaya ya maƙale masa a ka.

Ta ce, "Maƙwabci, me na gani a kanka?"

Kwaɗo ya ce, "Daga sama ya faɗo mini. Ni ma ina so in tambaye ki, yaya kike zubar da kayanki haka?"

Ta ce, "Daga sama, ko? To me kake haɗiya? Tun ɗazu maƙogwaronka ke motsi."

Ya ce, "Haba, Wardi! Haka Allah ya yi mu, numfashi nake yi."

Wardi ba ta yarda ba. Ta kalli cikinsa ta ga kamar ya fi na bara girma.

Da rana ta take, Kwaɗo ya yi barci, sai ta ji wata siririyar murya a saman kanta. Fara ce, ta sauka a kan babban furen, amma Wardi ba ta iya ɗaga kai ta gan ta.

Muryar ta ce, "Sannu, uwar ɗakina. Wucewa nake na ga abin da ake miki, na kasa yin shiru."

Wardi ta ce, "Wace ce? Yaya nake jin maganarki kamar da abu a bakinki?"

Fara ta haɗiye da sauri, ta ce, "Haƙori ke damuna. Ni dai mai son ki ce. Ban ce na ga kowa ba, kada ki ce na ce. Amma ki tambayi kanki, wa ya fi kowa sanin lokacin barcinki? Wa ke zaune a gindinki ba noma ba fatauci, kullum sai ƙiba yake?"

Wardi ta ce, "Ai ba ya iya hawa."

"Ba ya iya hawa? Kin taɓa ganin tsallensa? Kin taɓa ganin tsawon harshensa?"

Daga ranar Wardi ta daina barci mai daɗi. Idan Kwaɗo ya rufe ido, sai ta ce lamɓo yake yi. Idan ya buɗe, sai ta ce fure yake zaɓa. Ya gaishe ta, ta ce borin kunya ne. Bai gaishe ta ba, ta ce ai ya san abin da ya yi. Ƙadangare ya zo shan ruwa yana gyaɗa kai kamar yadda ya saba, ta ce alama suke yi wa juna. Har Gwaggo Yelwa ba ta tsira ba, don Wardi ta fara tunanin ko ita ce take tsinka a ɓoye don ta sami hujjar shuka barkononta.

A jikin shingen gidan akwai tsohuwar Sarƙaƙiya, wadda duk itatuwan unguwar ke zuwa wurinta neman ƙaya. Wardi ta miƙa reshe ta taɓa ta.

Ta ce, "Iya, taimako na zo nema. Ana ci na da rai. Ki sam mini ƙaya."

Sarƙaƙiya ta ce, "Ƙaya kam akwai, 'yar nan. Kin ga ɓarawon da idonki?"

"Ban kama shi ba, amma na san shi."

"Ba haka na tambaye ki ba. Kin gan shi?"

Wardi ta ce, "Iya, kaka ta kusa. In kin ƙi ne, ki gaya mini."

Sarƙaƙiya ta ce, "Ban ƙi ba. Amma ki sani, ƙayata lanƙwasasshiya ce, gefe ɗaya take kallo. Ke za ki zaɓa, sama ko ƙasa. In na kafa ta kuwa, ba ni da ikon juya ta, ke ma ba ki da shi, 'ya'yanki ma haka za su tashi da ita. Ki je ki yi tunani tukuna."

Wardi ta ce, "Na gama tunani. Me zan yi da sama? Ba kowa can sai masu sona. Juya ta ƙasa, duk."

Sarƙaƙiya ta kafa mata ƙaya tun daga gindi har wuyan fure, kowace da bakinta a ƙasa.

Ba a jima ba sai ga wata tsutsa tana hawa jikin Wardi. Kwaɗo ya yi tsalle zai kama ta kamar kullum, ƙaya ta tsage masa baya. Ya faɗo cikin kwarmin yana nishi.

Ya ce, "Wardi, mene ne wannan kika sa?"

Ta ce, "Yau na kama ka! Me ka hau nema?"

Kwaɗo ya ce, "Tsutsa na hau kamawa. Ga ta can tana tafiya, ki gaishe ta." Ya ja jiki ya koma ƙarƙashin randa, bai sake waiwayowa ba.

Wardi ta ce yanzu ta huta. Washegari aka gutsure mata fure biyu. Da aka ƙara kwana, aka ci toho gaba ɗaya. Tsutsa ta sami ganye ba mai hana ta, gara ta shiga saiwa. Fure yana raguwa, nauyi yana raguwa, har ranar da ya rage saura ɗaya tak. Ranar ne kan Wardi ya miƙe, karo na farko a rayuwarta, ta dubi sama. Ga Fara zaune a kan furen, kumatu cike, jan ganye yana leƙowa daga bakinta.

Wardi ta ce, "Ke ce mai ciwon haƙorin?"

Fara ta ce, "Ya yi sauƙi, alhamdu lillahi." Ta ƙarasa abin da ke bakinta, ta buɗe fiffike ta tashi. Ko ƙaya ɗaya ba ta taɓa ta ba.

Wardi ta yi kuka ta roƙi Sarƙaƙiya ta juya mata ko rabin ƙayar ne. Sarƙaƙiya ta ce, "Na gaya miki tun farko, 'yar nan."

Kaka ta yi. Gwaggo Yelwa ta zo da irin barkono ƙulle a bakin zane. Idonta ya yi rauni, ba ta lura da abin da ya tsiro a jikin Wardi ba. Ta zura hannu ta kama gindin, ta ja sama da ƙarfi. Hannun ya zame, ƙaya ta kama tafin ta yage shi.

Ta yi salati, ta ce, "Ni? Ni da na raine ki?"

Ta ɗaure hannun da tsumma, ta ɗauko wuƙa ta sassare rassan don ta sami wurin kamawa, amma hannun ya ƙi ja. Ta ce bari ya warke tukuna. Kafin ya warke, kututturen ya yi sabon toho, ya ba da fure fiye da na da. Gwaggo Yelwa ta tsaya daga nesa ta ce, "Ashe wuƙa kike so. To zauna."

Wardi ta tsira, ba a cire ta ba. Amma Gwaggo Yelwa ba ta sake shafa ta ba, ba ta sake yi mata hira ba. Ruwa daga nesa take watsa mata, in ta matso kuwa da wuƙa ne a hannu.

Shi ya sa har yau ƙayar wardi take kallon ƙasa, tana gadin inda ba ɓarawo. Za ka zura hannu lafiya, sai ka zo janyewa ta riƙe ka. Fara kuwa ta sama take sauka ta ci abinta ta tashi, sai mutum ya tsaya ya kore ta da kansa. Kwaɗo yakan zo in an yi ban ruwa, ya sha sanyi a gefe, amma ba za ku taɓa ji ya ce mata uffan ba.